Daga Makango zuwa Bawku: wa ke bin wanda ruwa ya haɗiye?

A watan Oktoban 2025 wani kwale-kwale ya kife a Tafkin Volta kusa da Kete Krachi, mutum 15 suka rasu, 11 daga cikinsu yara. Hukumar kula da sufurin ruwa ta Gana ta ɗora alhakin a kan lodi fiye da ƙima, aka kuma sake tayar da maganar rigar kariya, kamar yadda ake yi bayan kowane hatsari. Maganar tana kan hanya. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba: idan mutum ya riga ya ɓace a ƙarƙashin ruwa, wa ke bin sa, da wane kayan aiki, kuma me yake tararwa a can ƙasa?

A wasu ƙasashe wannan tambaya ta masu shaƙatawa ce. A hamadar Nebada ta Amurka akwai Tafkin Mead, wanda madatsar Hoover ta haifar. Mutane na biyan kuɗi su goya tukunyar iska a baya, su sa tabarau da takalmin iyo, su yi nutso don kallon wani jirgin saman yaƙi da ya faɗa ciki tun 1948. Kafin su shiga sai sun tambayi zurfin wurin, da sanyin ruwan, da mita nawa ido ke iya gani. A arewacin Gana ma ana nutso kowace rana a ruwan da madatsa ta tara, amma ba tukunya, ba tabarau, kuma mai nutson sau da yawa bai kai shekara 15 ba.

Mu fara da Salaga. Garin ya yi suna da rijiyoyi da fataucin goro, ba da su ba. Madatsar Akosombo, wadda aka kammala a 1965, ita ta kawo masa babban ruwa kusa: tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,500, wanda ya tashi mutum kusan 80,000 daga gidajensu. Tsohon garin Kete Krachi, inda Alhaji Umaru, malamin nan haifaffen Kano, ya zauna bayan ya bar Salaga, yana cikin wuraren da ruwa ya ci. Yau wanda zai gangara kudu daga Salaga sai ya bi ta Makango ya jira jirgin fito zuwa Yeji, ko kuma, idan jiran ya ishe shi, ya shiga kwale-kwale mai inji tare da buhunan doya da babura.

Abin da ya sa wannan ruwa ya fita daban shi ne ba a sare dajin ba kafin a cika shi. Itatuwa na nan tsaye a ƙasa shekara 60 ke nan, wasu kawunansu a waje, wasu taku ɗaya ko biyu ƙarƙashin ruwa inda matuƙi ba zai gan su ba. Idan ruwa ya ja da rani, kututturan da aka saba wucewa ta kansu sai su zama masu fasa jirgi. Su ne kuma ke kama taru. Taru kuwa jari ne, mai shi ba zai yanke ya bar shi ba. Sai a tura wani ya shiga ya kwance, kuma wanda ake turawa yaro ne, saboda jikinsa ƙarami, yatsunsa sirara, kuma ba ya iya cewa a'a.

A yi tunanin aikin. Ruwan ba garau yake ba, musamman da damina lokacin da koguna irin su Daka da Farin Volta ke zubo laka. Mai nutso yakan kasa ganin tafin hannunsa, da lalube yake aiki. Zaren tarun na roba ne, ba ya ruɓewa, ba ya tsinkewa da hannu, kuma tsofaffin tarunan da aka bari sun lulluɓe rassan kamar yanar gizo-gizo. A zurfin mita 10 nauyin da ke danna jiki ya ninka na saman ruwa, kunne na zafi, iskar da ke huhu ta matse ta koma rabi. Yaro yana da minti ɗaya, ko ɗaya da ɗan abu, ya sauka, ya nemo inda tarun ya maƙale, ya kwance, ya hau. Idan ƙafarsa ta shiga zare, waɗanda ke cikin jirgi ba za su sani ba sai sun ga shiru ya yi yawa. Wanda ya tsira da wannan kuma yana iya fitowa da tsargiya, wadda ta yaɗu a bakin tafkin tun bayan da aka cika shi.

Doka ba ta yi shiru ba. Dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai shekara 18 ba aiki mai hatsari, akwai kuma dokar hana fataucin mutane ta 2005. Ƙungiyoyi sun kwashe yara da yawa daga tsibiran tafkin, gidan talabijin na CNN ma ya yi fim a kan lamarin a 2019. Amma mu malaman makaranta mun san cewa kujerar da babu kowa a kanta ba ta cika da sanarwa. Muddin taru zai maƙale kuma babu babban mutum da aka horar, aka ba kayan aiki, ake biya don ya kwance shi, to za a nemo yaro.

An taɓa zaton kasuwa za ta warware matsalar. Tun 2006 wani kamfanin Kanada da tsohon firaministan ƙasar, Joe Clark, ya kafa ya ƙulla yarjejeniya da gwamnatin Gana don sare itatuwan da ke ƙarƙashin tafkin, domin katako ne mai tsada wanda ruwa ya adana. Daga baya kamfanin Kete Krachi Timber Recovery ya ci gaba da aikin da na'ura mai dogon hannu, har a 2019 ya yi tayin bayar da katakon don gyara rufin cocin Notre-Dame da ya ƙone a Paris. Masunta da yawa ba su yi murna ba, kuma suna da hujja: a gindin waɗannan itatuwa kifi ke ɓuya yana hayayyafa. Shi kuwa kamfani itacen da zai sayu yake nema, ba kututturen da ke kan hanyar Makango ba. Share hanyoyin jiragen ruwa da kafa musu alamu aikin gwamnati ne, kuma bai kamata a rataya shi a wuyan cinikin katako ba.

A Yendi matsalar ta juya baya. Ba yawan ruwa ba ne, ƙarancinsa ne. Garin ya dogara da kogin Daka, wanda kan ja sosai da rani, kuma aikin ruwan sha da aka ƙaddamar a 2020 da rancen dala miliyan 30 daga bankin Exim na Indiya ya ɗauki lokaci fiye da yadda aka yi alkawari. Idan famfo ya ƙafe, mata da yara sai su nufi dam da kududdufi. Shirin nan na "ƙauye ɗaya, dam ɗaya" da gwamnatin Akufo-Addo ta fara a 2017 ya ƙara ɗaruruwan irin waɗannan ramuka a yankunan arewa. An yi ta muhawara a kan cewa suna ƙafewa kafin bazara, amma ba a ba ɗaya hatsarin muhimmanci ba: ramin da katafila ta haƙa ba kamar tafkin Allah yake ba. Bakinsa na iya zama gangare mai santsi, taku uku ruwa a gwiwa, na huɗu ya shanye kai. Ƙasansa taɓo ne mai riƙe ƙafa, kuma da mai ceto ya motsa shi sai ruwan ya koma kamar koko. Ba zurfi ke kisa a nan ba, mita 2 ko 3 sun isa.

Bawku da ƙauyukanta kuma nasu ruwan daga ƙetare yake zuwa. Kusan kowace shekara, a watan Agusta ko Satumba, kamfanin lantarkin Burkina Faso, SONABEL, yakan buɗe madatsar Bagre da ke kan kogin Nakambe, wato Farin Volta, hukumar agajin gaggawa ta NADMO kuma ta yi shela a bar bakin kogi. Manomin Binduri ko Bawku ta Yamma da masararsa ta kusa nuna ba ya jin shela da sauƙi. Yakan koma don ya tsamo abin da ya samu, a nan ake rasa rayuka. Madatsar Pwalugu da aka ce za ta riƙe wannan ruwa, an aza harsashinta a Nuwamban 2019, har yau ba ta tashi ba. A ruwan ambaliya mai gudu, ɗauke da itace da shingen gona, ƙwararren mai nutso ma ba ya shiga. Ga kuma dokar hana fita da rikicin Bawku ya jawo, wadda ke sa neman taimako da dare ya zama wani hatsarin na daban.

To shin mafita ita ce a sayo tukwanen iska a raba? A ganina a'a, aƙalla ba da farko ba. Ƙwaƙwalwar mutum takan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6 idan numfashi ya tsaya. Duk mai nutson da za a kira daga Akra, ko daga Tamale ma, gawa zai zo nema. Wannan ma aiki ne mai daraja, domin iyali na son su yi wa mamacinsu sutura, amma ba ceto ba ne. Sannan tukunya a hannun wanda ba a koya wa ba makami ce: wanda ya shaƙi iskarta a ƙasa ya riƙe numfashi ya taso da sauri, huhunsa na iya fashewa ko da daga zurfin mita kaɗan ne. Iskar da ake cika ta da ita dole ta kasance mai tsabta. Idan injin cikawa ya zuƙi hayaƙin janareta, mai nutso zai suma a ƙasa. Kusa da bututun madatsa kuma akwai jan ruwa da ke manne mutum da bakin bututu, ba ya iya ɓamɓare kansa. Runduna ƙarama ta ƙwararru, a hannun 'yan kwana-kwana ko sojojin ruwa, a Tamale da Bolgatanga da Yeji, ta isa wannan ɓangare.

Waɗanda ke ceton rai su ne waɗanda ke bakin ruwa lokacin da abin ya faru. Mai karatu a Kano zai tuna hatsarin Bagwai na 30 ga Nuwamban 2021 a dam ɗin Watari, inda aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya. A irin wannan rana mutanen gari masu iyo su ake fara kira, ko a Yawuri ne, ko a Gaya ta Nijar, ko a Yeji. Ƙasar Hausa ma tana da sarautar wannan aiki, Sarkin Ruwa, wanda a Argungu har yau ba a shiga kogi ranar su sai da izininsa. Abin da ya rage shi ne hukuma ta san da waɗannan mutane kafin ranar kuka: a rubuta sunayensu, a koya musu yadda ake farfaɗo da wanda ya sha ruwa, a ba su igiya mai tsawo, da wuƙar yanke taru, da abin da ke yawo a kan ruwa, ko jarka ce mai murfi, a kuma riƙa ba su wani abu. A koya musu ƙa'ida ɗaya da ƙwararru ba sa karyawa: ba a nutso sai da igiya a ƙugu da mutum a sama riƙe da ita.

Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a ƙarshen 2024 ya ce mutum kusan 300,000 ruwa ya ci a 2021. Yawan mace-macen, idan aka auna shi da yawan jama'a, ya ragu da kashi 38 cikin 100 a duniya tun daga 2000, amma a Afirka da kashi 3 kacal. Bangaladash, wadda ba ta fi mu kuɗi ba lokacin da ta fara, ta rage mutuwar yaranta ne da koyar da iyo a tafkunan ƙauye da aka kewaye da gora, da kuma tara ƙananan yara wuri ɗaya da hantsi lokacin da iyaye mata ke aiki. Babu abin da zai hana makarantar firamare ko ta allo a zangon Salaga ko Yendi yin irin wannan, in majalisar gunduma ta ware bakin dam ɗaya mara zurfi ta sa masa shinge.

Sarakunan zango na da rawar da za su taka ba sai sun jira Akra ba. Suna zama da hakimai da 'yan majalisar gunduma, kuma limamansu ne ke sallatar gawar idan an tsamo ta. Kafin SONABEL ta sake buɗe Bagre, kowane masallacin Juma'a daga Bawku zuwa Makango zai iya manna takarda ɗaya a ƙofa: sunan masu iyo biyar na unguwa, lambar wayarsu, da gidan da aka ajiye igiya.