Siminti da ɗumamar yanayi: tsakanin hanyar Norwe da ta Gana

A shekarar 2025 an kammala wasu ayyuka guda biyu a masana'antar siminti, ɗaya a garin Brevik na ƙasar Norwe, ɗayan kuma a birnin Tema mai tashar jiragen ruwa a ƙasar Gana. Dukansu biyun kamfanin Heidelberg Materials na Jamus na da hannu a ciki, kuma manufarsu ɗaya ce, wato rage yawan iskar kabon dayoksaid da ke tashi sama a duk lokacin da aka sarrafa buhun siminti. Sai dai hanyoyin da aka bi a wuraren biyu sun yi hannun riga da juna, kuma bambancin nasu ne zai nuna inda ƙasashe masu tasowa za su dosa a wannan fanni.

Ba kasafai akan ambaci siminti ba idan ana maganar ɗumamar yanayi, domin hankalin jama'a ya fi karkata ga motoci da jiragen sama da tashoshin samar da wutar lantarki. Amma duniya na sarrafa kimanin tan biliyan 4 na siminti a kowace shekara, kusan rabi a ƙasar Sin kaɗai, kuma masana sun ƙiyasta cewa wannan sana'a ce ke fitar da kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke turawa sararin samaniya. Hakan ya ninka abin da jiragen saman duniya baki ɗaya ke fitarwa.

Matsalar tana cikin dutsen

Tun lokacin da wani magini ɗan Ingila mai suna Joseph Aspdin ya yi rajistar simintin Portland a shekarar 1824, ginshiƙin aikin bai canza ba. Ana niƙa dutsen farar ƙasa tare da ɗan yumɓu, a zuba a wani makeken tanderu mai juyawa, a ƙona har zafin ya kai digiri 1450 a ma'aunin Selshiyos. Abin da ke fitowa wasu dunƙulallun tsakuwoyi ne da ake kira kilinka, waɗanda idan aka niƙa su da ɗan jipsam suke zama simintin da muka sani.

A nan ne gizo ke saƙar. Kimanin kashi 40 cikin ɗari ne kawai na iskar ke fitowa daga kwal ko gas ɗin da ake hura wutar da shi. Sauran kashi 60 daga jikin dutsen kansa yake fita, domin da zarar ya ji wuta sai ya saki iskar kabon da ke ƙunshe a cikinsa. Ke nan ko da za a wayi gari ana hura tanderun da hasken rana, fiye da rabin matsalar na nan daram. Wannan ne ya sa siminti ya fi wutar lantarki wuyar sha'ani, inda a can ana iya rufe tashar kwal a kafa ta iska ko ta rana a wuce wurin.

Mafita biyu ke nan suka rage: ko dai a kama iskar kafin ta tsere, ko kuma a rage yawan kilinkar da ake zubawa a kowane buhu.

Norwe ta zaɓi ta farko. A watan Yunin 2025 Yarima mai jiran gado Haakon ya buɗe na'urar kama iskar kabon a masana'antar Brevik, wadda ita ce irinta ta farko mai wannan girma a duk wata masana'antar siminti a duniya. An tsara ta ne domin ta kama tan dubu 400 a shekara, wato kusan rabin abin da masana'antar ke fitarwa. Ana tace iskar daga cikin hayaƙi, a matse ta ta zama ruwa, a ɗora a jirgin ruwa zuwa Øygarden da ke gaɓar yammacin ƙasar, daga nan a tura ta cikin bututu a binne a zurfin mita 2600 ƙarƙashin ƙasan teku. Kamfanonin mai na Equinor da Shell da TotalEnergies ne ke kula da ɓangaren binnewar.

Ko shakka babu aikin ya nuna cewa abin mai yiwuwa ne. To amma ba da kuɗin sayar da siminti aka yi shi ba. Gwamnatin Norwe, wadda ke da asusun rarar kuɗin mai mafi girma a duniya, ita ce ta ɗauki nauyin kimanin kashi biyu cikin uku na kuɗin shirin gaba ɗaya, kuma bayan ginin akwai ɗimbin makamashin da na'urar za ta ci gaba da ci muddin tana aiki. Ƙasashen da za su iya wannan hidima ba su da yawa, kuma ba a cikinsu ne za a yi akasarin gine-ginen shekaru talatin masu zuwa ba. A Afirka da kudancin Asiya ne birane ke bunƙasa.

Yumɓu a madadin kilinka

Rage kilinka ba sabon abu ba ne. An daɗe ana haɗa siminti da tokar tashoshin kwal da kuma kashin maƙera da ke fitowa daga masana'antun narka ƙarfe. Amma waɗannan kayayyaki biyu ba su wadata ba, kuma raguwa za su yi, tun da ƙasashen Turai na rufe tashoshin kwal ɗin tare da neman sauya yadda suke narka ƙarfe. Yawancin ƙasashen Afirka kuwa dama can ba su da su.

Abin da ke akwai a yalwace shi ne yumɓu. Masu bincike a jami'ar fasaha ta Lausanne a Suwizalan ƙarƙashin Farfesa Karen Scrivener, tare da takwarorinsu na Kyuba da Indiya, sun gano cewa idan aka gasa yumɓu mai ɗauke da sinadarin kawolin a zafin kimanin digiri 800, aka haɗa shi da niƙaƙƙen dutsen farar ƙasa wanda ba a ƙona ba, to su biyun za su iya maye gurbin kusan rabin kilinka ba tare da kankaren ya rasa ƙarfinsa ba. Haɗin da suka sa wa suna LC3 ya ƙunshi kilinka kashi 50, gasasshen yumɓu kashi 30, dutsen farar ƙasa kashi 15, sai jipsam kashi 5. Da yake yumɓu ba ya sakin iskar kabon kamar dutsen, kuma wutarsa ba ta kai ta kilinka ba, ana iya rage iskar da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Ba a kuma buƙatar yumɓu mai daraja irin na tangaran. Wanda kawolin ɗinsa ya kai kashi 40 ya wadatar, kuma irinsa ne ya cika ƙasashe masu zafi.

Wannan dabara ce aka ɗauka a Tema, inda kamfanin CBI Ghana da abokan haɗin gwiwarsa suka gina tanderun gasa yumɓu mai ƙarfin fitar da sama da tan dubu 400 a shekara, mafi girma a irinsa. Kafin shi kamfanin Argos ya fara a Kolombiya, kamfanin Cimpor kuma ya kafa nasa a Abijan na Kot Dibuwa da kuma Kribi a Kamaru.

Duk wanda ya dubi jerin waɗannan garuruwa na gaɓar tekun Afirka ta Yamma zai ga abin da ya haɗa su. Ba tsoron ɗumamar yanayi ne ya kai masu zuba jari can ba. Gana ba ta da wadataccen dutsen farar ƙasa da ya dace da kilinka, saboda haka daga ƙetare take sayo kusan duk kilinkar da take niƙawa, da dala. Da darajar sidi ta faɗi, farashin buhu ya tashi, har ta kai a shekarar 2024 ministan ciniki na lokacin, K.T. Hammond, ya shiga takun saƙa da kamfanonin siminti kan dokar daidaita farashi. A irin wannan hali, kowane tan na yumɓun gida da ya shiga buhu, dala ce ta tsira. Raguwar hayaƙin riba ce ta biyu, kuma wannan ne ƙarfin shirin: ba ya jiran tallafin wata gwamnati ko alƙawuran da ake ɗauka a tarukan sauyin yanayi, waɗanda ƙasashen Afirka sun san yadda cika su ke tafiyar hawainiya.

Inda dutsen ya wadata

Amma wannan dalili da ke tura Gana shi ne kuma ke nuna iyakar abin. Nijeriya Allah Ya hore mata dutsen farar ƙasa a Obajana da Gboko da Ashaka da Kalambaina da Ewekoro. Tun bayan manufar da gwamnatin Obasanjo ta ɓullo da ita a 2002 ta tilasta wa masu shigo da siminti kafa masana'antu a gida, ƙasar ta tashi daga mai sayowa ta koma mai sayarwa, har kamfanin Dangote ya fara fitar da kilinka ta tashar Apapa a 2020. Kamfanin da ya kashe biliyoyi wajen gina tanderun kilinka, dutsen kuma na bayan katangarsa, ba shi da wata gaggawar rage amfani da shi. Hasali ma idan maƙwabta suka koma ga yumɓu, kasuwarsa ce za ta ragu. Harajin kabon da Tarayyar Turai ta ɗora wa kayan da ake shigar mata, wanda ya haɗa da siminti, zai fi shafar Turkiyya da ƙasashen arewacin Afirka, ba waɗanda kasuwarsu ke cikin gida ba.

Akwai kuma batun ƙa'idoji. Injiniya ba zai sa hannu a kan ginin da aka yi da simintin da hukumar kula da inganci ba ta amince da shi ba, kuma ƙa'idojin ƙasashe da dama an rubuta su ne da ƙayyade mafi ƙarancin kilinkar da dole a zuba. Turai ta sassauta nata a 2021 zuwa kashi 50, Indiya ta fitar da ƙa'idar LC3 a 2023. A ƙasashen da rushewar gine-gine ta zama ruwan dare, hukumomi na da hujjar yin taka-tsantsan, ko da yake galibin rushewar daga ha'incin rage siminti da rodi take, ba daga nau'in simintin ba.

Sannan ga mai saye. Gasasshen yumɓu kan ba siminti launin ja-ja idan ba a sarrafa wutar da kyau ba, alhali birkila da mai buga bulo sun saba auna ingancin siminti da launin toka. Yana kuma neman ruwa fiye da wanda aka saba, wanda a manyan ayyuka ana magance shi da sinadarai, amma mai kwaɓa kankare da shebur a bakin titi ruwa kawai zai ƙara, ƙarin ruwa kuwa raunana kankare yake yi. Kamfanonin da suka shiga wannan harka sai sun haɗa da wayar da kan magina, in ba haka ba gini ɗaya da ya tsage zai iya ɓata sunan kayan.

Ko an shawo kan duk waɗannan, yumɓu ba zai kawar da iskar gaba ɗaya ba, domin rabin buhun har yanzu kilinka ne, kuma wannan rabin sai an koma ga irin na'urar Brevik ko wata dabarar da ba ta kai ga kasuwa ba tukuna. Abin da za a sa wa ido a shekaru kaɗan masu zuwa shi ne ko buhun da ke fitowa daga Tema zai fi na kilinkar ƙetare araha a kasuwannin Akara da Kumasi, da kuma ko hukumomin kula da inganci na sauran ƙasashen ECOWAS za su buɗe wa irin wannan siminti ƙofa.