Kai Ka Hau Intanet, Ko Ita Ta Hau Ka?

Ranar Asabar muna zaune wajen mai shayi a Tudun Wada, kowa ya duƙufa kan wayarsa, sai wani abokina ya ce, "Wai me ya sa Turawa ke cewa surfing in mutum na yawo a intanet?" Duk muka yi tsit. Ni mai karantar aikin jarida ma sai da na je na bincika.

Asali dai surf sunan igiyar ruwan teku ne da ke fashewa a gaɓa, kuma tana cikin Turanci tun ƙarni na 17. Daga baya ta zama sunan wasan hawa igiyar a kan katako, wanda mutanen tsibiran Hawai suka yi fice da shi. A 1992 wata ma'aikaciyar laburare a Amurka, Jean Armour Polly, ta sa wa wata maƙalarta suna "Surfing the Internet", kalmar kuwa ta bazu.

Mu a Zariya ba mu da teku, Kubanni ce iyakarmu. Amma ai mun san hawa, shi ya sa muke cewa "na hau intanet". Duk wanda ya kalli hawan Sallah a ƙofar fadar Sarkin Zazzau ya san linzami a hannun mahayi yake. Haka mai hawan igiya: yana jira, ya zaɓi guda, ya bar sauran su wuce, kuma ya san lokacin sauka.

To mu fa? Ka shiga TikTok bayan isha'i don duba abu ɗaya, sai dai ka ji kiran assalatu. Ni kaina haka na yi a daren wata jarrabawa, kuma sakamakon bai yi mini daɗi ba. Manhajojin nan an gina su ne don su riƙe ka, domin lokacinka suke sayar wa masu talla. Ga jita-jita: an ce wani ya zagi wani, ba ka tantance ba ka tura wa mutum ɗari. Wannan ba hawa ba ne, ɗan'uwa, ruwa ne ya tafi da kai.

Ban ce a jefar da waya ba, da ita muke karatu da neman na kanmu. Amma kafin ka kunna data, ka san abin da ya kai ka da lokacin da za ka sauka. Labarin da ba ka tabbatar ba kuwa, bar shi ya wuce.