Babbar Jita Ko Ƙarama?

Duk makaɗin da ya taɓa cin damina a Sabo ta Ibadan, unguwar da aka keɓe wa Hausawa tun 1916, ya san ɓarnar da laima ke yi wa kayan kiɗa. Fatar garaya takan saki, sai an kanga ta a wuta. Itacen jita kuwa yakan kumbura, sa'an nan in aka hau da ita Arewa, hunturu ya tsaga shi.

Maganin da Turawa suka samo shi ne zaren kabon da ake daskararwa da danƙo. Kamfanin Ovation na Amurka ya sa shi a fuskar jitarsa Adamas cikin 1976, Emerald na ƙasar Ailan kuma ya ƙera jita ɗungum da shi. Irin wannan ba ruwanta da laima ko bushewa.

To, saura batun girma. Babbar cikinta ya fi ɗaukar iska, saboda haka amonta ya fi kauri da nisa, ta dace da dandalin biki, amma takan gajiyar da kafaɗa. Ƙaramar muryarta siririya ce, tana fita tar, ga sauƙin ɗauka a mota. Mu ma haka komo yake da garaya.

Sai dai fa akwai tsada. Kada saurayi ya karya jarinsa na goro don kwaɗayin babba, alhali a zaure zai yi kiɗan. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu cikin 2015, da ɗan kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika Nijeriya.