Rurin Babura Ba Zai Gaji Kwal Ba a Tsaunukan West Virginia

A kudancin jihar West Virginia ta Amurka, cikin tsaunukan Appalachia, akwai maganar da 'yan siyasa da jami'an yawon buɗe ido suka maimaita har ta zauna a zukatan mutane: wai baƙin da ke zuwa hawan babura masu ƙafa huɗu a kan duwatsu su ne za su tayar da yankin bayan durƙushewar kwal. Abin da suke nunawa shi ne hanyoyin Hatfield-McCoy, waɗanda majalisar dokokin jihar ta kafa wa hukuma a 1996, aka buɗe su a shekarar 2000 da tsawon mil 300, yau kuma sun haura mil 1,000. Dubban mahaya na sayen takardar izini duk shekara, akasarinsu daga wasu jihohi. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba gaskiya ba shi ne cewa wannan wasa zai warkar da ciwon da ya kwantar da yankin, domin an gina shi a kan tushen ciwon kansa.

A fara da girman ramin da ake son cikewa. A wajajen 1950 masu haƙar kwal a jihar sun haura 100,000, yau ba su kai 15,000 ba. Gundumar McDowell, wadda ta taɓa zama kan gaba wajen fitar da kwal a faɗin Amurka, tana da mutane kusan 99,000 a ƙidayar 1950, amma a ta 2020 ba su wuce 19,111 ba. Hanyoyin babura sun ratsa gundumar, kuma hakan bai hana jama'a ci gaba da ƙaura ba. Dalilin a fili yake. Aikin ramin kwal, duk da ƙurarsa mai cinye huhu, yana riƙe gida sukutum, ga kula da lafiya da fansho da ƙungiyar ƙwadago ta ƙwato bayan doguwar gwagwarmayar da aka zubar da jini a cikinta, irin ta yaƙin Dutsen Blair na 1921. Aikin da baƙi ke kawowa kuwa shi ne share ɗakunan kwana, soya nama, sayar da fetur da gyaran taya. Albashinsa kaɗan ne, kuma yana raguwa da zarar sanyin hunturu ya kankama.

Babbar matsalar ma ita ce mallakar ƙasa. Mafi yawan hanyoyin nan suna bi ta filayen kamfanonin kwal da katako da iskar gas, kuma yawancin masu su ba mazauna yankin ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2013 ya nuna cewa a gundumomin Wyoming da McDowell da Logan, manyan masu filaye goma kacal ke riƙe da fiye da rabin ƙasar da ke hannun masu zaman kansu. Hukumar hanyoyin ba ta mallaki waɗannan filaye ba, aro aka ba ta bisa yarjejeniya. Ranar da kamfani ya buƙaci sare itace ko tona wani sashe, sai a rufe hanya ko a karkatar da ita. Kamfanin kuma ya sami kariya daga ƙarar wanda ya ji rauni, ya sami masu sintiri a filinsa. Wanda ya ci bashi ya gina masauki a Gilbert ko Matewan shi ke ɗauke da kasadar, mai ƙasa yana can nesa hankalinsa kwance. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu kare tsarin za su ce ai da babu gara ba daɗi, kuɗi na shigowa garuruwan da shagunansu suka daɗe a garƙame. Na yarda, kuma ban ce a rufe hanyoyin ba. Za su ƙara da cewa kafin hukumar ana hawa barkatai ba doka, yanzu kuwa akwai hular kwano da ƙa'ida. Wannan ma haka ne, ko da yake tayoyin da ke karta gangaren dutse suna tura laka cikin rafukan da ruwan tsoffin ramuka ya riga ya gurɓata. Amma a ce abu yana da amfani daban, a ce shi ne mafita daban. Illar zuzuta shi ita ce yana ba hukumomi wurin fakewa. Garin Keystone na gundumar McDowell ya kwashe kimanin shekara goma ana umartar mazaunansa su tafasa ruwan famfo kafin su sha, a daidai lokacin da ake tallata yankin a matsayin aljannar mahaya. Baƙo ya zo da ruwansa na gora, ya yi kwana uku ya koma. Ɗan gari kuwa nan yake da lalataccen famfo da asibiti mai nisa.

Yankin da ya shafe fiye da ƙarni yana haska fitilun biranen Amurka ya cancanci abin da ya wuce zama filin wasan wasu. Idan da gaske ake, a ɗora wa manyan filayen kamfanoni harajin da ya dace da darajarsu, a ba gundumomi damar mallakar ƙasar da za su gina gidaje da masana'antu, a ware kaso bayyananne na kuɗin takardun izini don ruwan sha da asibitoci. Muddin ƙasar na hannun waɗanda ba sa kwana a kanta, ko hanyoyin sun kai mil 5,000, talaucin McDowell na nan daram.