Kayanka na sitatus, amma AI bai san da zamanka ba



Kwanakin baya wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ya shigo shagona da Tecno ɗinsa, sikirin ya tarwatse. Ina cikin kwance wayar yake ce min saura kaɗan ya hau motar Kano. Wai ya ari wayar abokinsa ya tambayi AI inda zai samu sikirin a kusa, aka lissafo masa shaguna a Katsina da kasuwar Farm Centre ta Kano, babu ko ɗaya a Dutsin-Ma. Mai acaba ne ya nuna masa layinmu. Wallahi abin ya tsaya min a rai, don irin sikirin ɗin guda uku ne a durowata, kuma na ɗora su a sitatus a satin.

Ni dai ban ga laifin na'urar ba. Laifinmu ne, mu masu sayarwa.

Ku dubi yadda muke talla a nan da Kurfi. Ka ɗauki hoton atamfa ko takalmi ko caja, ka watsa a sitatus na WhatsApp, ka rubuta "akwai" ko "mai so ya yi magana". Shi ke nan. To sitatus awa 24 yake yi ya ɓace, kuma masu lambarka kaɗai ke ganinsa. Google ba ya shiga can, ChatGPT ba ya shiga, Gemini ma haka. Haka rufaffen guruf na Facebook, haka shafinka idan ka saita shi abokai kaɗai. Kamar ka baje haja ne a cikin ɗaki ka ja ƙofa, sannan ka zauna kana mitar ba ciniki.

Wani zai ce, mu da ke cin kasuwar Laraba ido da ido, ina ruwanmu da ƙirƙirarriyar basira? Gaskiya ne, har yau yawancin cinikinmu na sanayya ne, wane ya turo wane. Amma tun da aka kafa jami'ar nan a 2011 garin ya cika da baƙi daga sassan ƙasar nan, ga kuma ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Yaron da ya zo daga Binuwai ko Legas bai san kowa ba, wayarsa yake tambaya. Tun 2024 Meta AI ya shigo cikin WhatsApp ɗinmu a Najeriya, ChatGPT ya fara laluben intanet kafin ya ba da amsa, Google kuma yana ɗora taƙaitacciyar amsa a saman sakamakon bincike. Mai tambaya ba ya buɗe shafi goma kamar da. Sunan da aka ambata masa, can zai kai kuɗinsa.

Abin da nake so a gane shi ne, waɗannan manhajoji rubutu suke bi idan suna lalube. Eh, idan ka tura musu hoto suna iya gane abin da ke ciki, amma lokacin da suke neman amsar "ina zan samu batirin Infinix a Dutsin-Ma", kalmomi suke dubawa a shafukan da ke buɗe ga kowa. Wannan fosta mai kyalli da ka biya aka zana maka, farashi da lamba duk a cikin hoto, kusan asara ce idan ba ka sake rubuta su a ƙasa ba.

Ga misalin bambancin. Maimakon "sabon kaya ya iso", rubuta: "Sikirin na Tecno Spark 10, sabo, N18,000 har da sakawa, akwai shi yau, shagonmu na Dutsin-Ma, jihar Katsina, muna buɗewa 9 na safe zuwa 9 na dare." Sunan kaya, samfuri, sabo ne ko na hannu, farashi, gari, lokaci. Sai ka maimaita da Turanci a ƙasa, ko da Turancin bai nuna ba, domin da shi yawancin ɗalibai ke tambaya, kuma na'urorin sun fi ƙwarewa a cikinsa fiye da Hausa.

Sunan garin ma sai an kula. Wani ya rubuta Dutsinma, wani Dutsin Ma, wani D/ma. Ga Dutse ta Jigawa, ga ƙaramar hukumar Dutsi a nan Katsina. Mutum ma yana rikicewa, balle na'ura. Zaɓi rubutu ɗaya ka riƙe, kullum ka haɗa da jihar Katsina. Sunan shagonka da lambarka su zama iri ɗaya a ko'ina.

A ina za a rubuta? Na farko a wurina shi ne Google Business Profile. Kyauta ne, shi ke sa shagonka ya fito a taswirar Google, kuma akwai wurin jera kaya da farashinsu. Za su nemi ka tabbatar shagon naka ne, sau da yawa da ɗan bidiyo. Sai shafin kasuwanci na Facebook a buɗe ga kowa, sai Jiji, inda kowane kaya ke samun shafinsa. Katalog na WhatsApp Business yana da amfani wajen hira da kwastoma, amma kar ka tsaya a kansa kaɗai. Mai shafin intanet na kansa kuma ya tambayi wanda ya gina masa ko fayil ɗin robots.txt bai toshe masu lalube ba. Ka kuma roƙi kwastomomin gaske su rubuta ra'ayinsu a Google.

Na san inda za mu yi rigima: farashi. Ɗan kasuwa zai ce idan na rubuta, maƙwabcina zai karya, ga dala ba ta zama wuri ɗaya. Malam, maƙwabcinka ya riga ya san farashinka, yaronsa zai turo ya tambaya. Wanda kake ɓoye wa shi ne mai saye. Sa kwanan wata kusa da farashin, ka riƙa gyarawa duk sati. Abin da ya ƙare ka cire shi, don babu abin da ke ɓata suna kamar mutum ya biya kuɗin mota daga Kurfi ya tarar babu.

Uzurin da na yarda da shi ɗaya ne: tsaro. Duk mun san halin da yankinmu ke ciki, ba kowa ke son a san yana da kaya ba. Don haka ban ce ka nuna sito cike da katan-katan ba, ban ce ka faɗi yawan jarinka ba. Kaya ɗaya, hoto ɗaya. Hajiyoyi masu turaren wuta da atamfa a cikin gida, kar ku sa adireshin gida. Sunan gari ya isa, a ware lambar kasuwanci daban, a kuma tsayar da wani shago da za a riƙa karɓar kaya.

Ku tuna 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Dutsin-Ma da Kurfi. Mai sitatus ya ɓace ɓat na tsawon watanni. Shafin da ke Google kuwa yana nan ko wayarka na kashe.

Sai masu zuwa suna cewa a ba su kuɗi su "saka ka a ChatGPT". Ku riƙe kuɗinku. Babu mai iya yi maka alkawarin AI zai ambace ka, ni ma ban yi ba. Yana iya ɗaukar makonni, kuma amsar yau ba lallai ta zama ta gobe ba.

Gwajin da zan ba ku: yau da daddare buɗe Meta AI ko Gemini, ka tambaya kamar kai baƙo ne, ina zan sayi kaza a Dutsin-Ma ko Kurfi. Ɗauki hoton amsar ka ajiye. Yi gyaran da na lissafa, bayan wata guda ka sake tambaya. Wanda ya maƙale wajen tabbatar da shagonsa a Google ya yi magana a ƙasa, a rubutu na gaba zan bi shi mataki-mataki in sha Allahu.