’YAN WASANMU, ƘWAYAR BARCI BA TA SAKIN MUTUM DA ASUBA

Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in ja hankalin ’yan ƙwallo da ’yan dambe na yankinmu na Kurfi da Dutsin-Ma a kan wata ɗabi’a da ta fara yawa, wato shan ƙwayar barci a daren da za a wayi gari a yi wasa.

Ni manomi ne, da rani kuma ina ɗan kasa kaya a kasuwa. Ba likita ba ne ni, amma abin ya faru a gidana. Akwai ɗan ƙanena da ke tsaron gida a kulob ɗin unguwarmu. Bayan kaka aka gayyace su wasa a Dutsin-Ma. Saboda ɗoki da fargaba barci ya ƙi zuwa, sai wani abokinsa ya sayo masa ƙwayar diyazafam guda biyu, wadda yara ke kira D5, wajen wani mai tallar magani. Ya yi barci kam, har sallar asuba ta wuce shi. To amma da la’asar da aka shiga fili, wallahi yaron nan kamar wanda aka ɗaura wa dutse. Sai ƙwallo ta wuce sannan yake yin tsalle. Uku aka zura masa. Abin da ya fi tayar mini da hankali, a hanyar dawowa Kurfi gyangyaɗi ya ɗebe shi a kan babur, Allah ne kawai ya kiyaye.

Da na kai shi asibiti, ma’aikacin lafiya ya yi mana bayanin cewa jiki yakan ɗauki awa 20 ko fiye kafin ya fitar da rabin wannan ƙwaya. Ka ga ke nan wanda ya sha da ƙarfe 11 na dare, har lokacin wasan gobe tana nan a jininsa. Tana sassauta jijiyoyi, tana rage hanzari. Ido zai gani, amma kafin hannu ko ƙafa su amsa an makara. Ga ɗan ƙwallo asarar ci ce. Ga ɗan dambe kuwa, naushin da bai kauce wa ba yana iya zama raunin da zai zauna da shi har tsufa.

Kada samarinmu su ɗauka wayewa ce. A 2012 kwamitin wasannin Olamfik na Ostareliya ya hana ’yan wasansa shan ƙwayar barci ta Stilnox kafin gasar Landan. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta rage wa mata adadin irin wannan ƙwaya daga miligiram 10 zuwa 5, saboda an ga tana kai wa safe a jiki har ta hana tuƙi da kyau. A 2023 Dele Alli, wanda muka sha kallo a Tottenham, ya faɗa da bakinsa cewa ƙwayar barci ta kama shi har sai da ya yi mako 6 a gidan jinya a Amurka. In mai likitoci a gefensa ya faɗa rami, ina ga yaron da ya saya a faranti?

Shawarata ita ce, masu horar da yara su hana su shayi mai kauri da kofi bayan la’asar, a ajiye waya da wuri, a kwanta bayan isha’i. Wanda bai samu barci sosai ba ya ɗan rintsa bayan azahar. Dare ɗaya na rashin barci bai kai illar ƙwaya ba. Wanda kuma rashin barci ya zame masa ciwo, ya je asibiti, kada ya yi wa kansa magani.

’Yan’uwana ’yan kasuwa, mu ji tsoron Allah, ribar da za ta kwantar da ɗan maƙwabci ba riba ba ce. Ina kuma kira ga hukumar NDLEA da masu unguwanni su sa ido a kan masu yawo da waɗannan ƙwayoyi ranar kasuwa. Tun ran gini, ran zane.

Allah ya shirya mana zuri’a, amin.

Naku,
Wani manomi mai kasa kaya,
Kurfi, Jihar Katsina.