Bidiyon yara masu jikin roba: abin da kyamarar waya ba ta ɗauka

Duk mai hawa TikTok ko Facebook ya taɓa cin karo da irin wannan bidiyon. Yarinya 'yar shekara takwas ko tara ta miƙa hannu, ta danna babban yatsanta har ya kwanta a kan sangalin hannunta, sannan ta miƙe gwiwar hannu ta lanƙwashe ta baya kamar babu ƙashi a ciki. Yayanta da ke riƙe da waya yana dariya yana cewa ta ƙara yi. Kafin gari ya waye dubban mutane sun kalla, wasu na rubuta "jikin roba", wasu na cewa a kai ta gasar wasanni.

Bidiyon daƙiƙa talatin ne. Ba ya nuna daren da yarinyar ta kasa barci saboda ciwon gwiwa, ko ranar da malami ya zane ta don ta kasa gama kwafar darasi, yatsunta sun gaji tun a layi na biyar. A gidaje da yawa yaron da ake tafa wa a soshiyal midiya shi ne wanda ake kira rago ko mai son jiki idan ya ce ƙafarsa na ciwo. Wayar da ta ɗauki wasan za ta iya taimaka masa, kuma wannan aiki yana wuyan matasan gida, domin su ne masu wayar da data, su ne kuma suka san kan manhajoji.

Mene ne sakin gaɓoɓi?

Gaɓoɓin jiki suna riƙe ne da jijiyoyi masu ƙarfi da ke ɗaure ƙashi da ƙashi. Babban abin da aka gina waɗannan jijiyoyi da shi wani sinadari ne mai suna kolajin, wanda ke cikin fata da jijiyoyin jini ma. Wasu mutane an haife su da jijiyoyi masu saurin miƙewa, don haka gaɓoɓinsu ke wuce inda na sauran mutane ke tsayawa. An fi ganin haka a yara da mata, da kuma 'yan asalin Afirka da Asiya, kuma yana raguwa idan shekaru suka ja.

Likitoci na auna shi da ma'aunin Beighton, wanda ya samo asali daga binciken da Peter Beighton da abokan aikinsa suka wallafa a 1973 kan al'ummar Tswana a Afirka ta Kudu. Maki tara ne. Ƙaramin yatsa ya koma baya ya wuce digiri 90, maki ɗaya a kowane hannu. Babban yatsa ya taɓa sangalin hannu, maki ɗaya a kowane hannu. Gwiwar hannu da gwiwar ƙafa su lanƙwashe ta baya fiye da digiri 10, maki ɗaya ga kowace. Na tara shi ne mutum ya sunkuya ya shimfiɗa tafukan hannunsa a ƙasa ba tare da ya lanƙwasa gwiwa ba.

Yawancin masu maki da yawa lafiyarsu ƙalau. Wani bincike da aka wallafa a 1994, wanda aka yi a yankin Igbo-Ora na jihar Oyo, ya samu sakin gaɓoɓi a sama da kashi 40 cikin 100 na mutanen da aka auna. Ke nan lanƙwasa kaɗai ba cuta ba ce. Tana zama larura ne idan ta haɗu da ciwon da ba ya ƙarewa, yawan targaɗe, gocewar kafaɗa ko ƙoƙon gwiwa, yawan faɗuwa da gajiya mai tsanani. Wasu yaran kan haɗa da ciwon ciki da jiri idan sun miƙe tsaye.

A 2017 ƙwararru na duniya suka sake tsara sunayen waɗannan larurori. Sun raba cutar Ehlers-Danlos gida 13, kuma mafi yawa a cikinsu shi ne nau'in sakin gaɓoɓi. Waɗanda ke da ciwo amma ba su cika sharuɗɗan wannan nau'i ba, an sa su a rukunin da ake taƙaitawa HSD. Ciwon HSD na iya kai na Ehlers-Danlos tsanani, kuma kusan hanya ɗaya ake bi wajen kula da su.

Abin da ya sa ake ƙaryata yaron

A ƙasar Hausa idan yaro ya fara kukan ciwon gaɓa, abin da ke fara zuwa ran iyaye shi ne sikila, kuma daidai ne a fara da gwajinta. Matsalar na zuwa ne idan sakamako ya fito AA, hoton ƙashi ya fito babu karaya, gwajin zazzaɓin cizon sauro ma babu komai. Daga nan sai gida ya yanke hukunci cewa shagwaɓa ce. Gwajin jinotayif sinadarin jan jini yake dubawa, babu ruwansa da jijiyoyin gaɓa. Nau'in Ehlers-Danlos mai sakin gaɓoɓi kuwa har yau ba shi da gwajin jini da ke tabbatar da shi. Likita na gano shi ne ta duba jiki da sauraron tarihin ciwon da na dangi.

Larurar tana bin jini. Sikila sai an gada daga uwa da uba, amma wannan daga mutum ɗaya ma tana iya sauka. Shi ya sa uwar da kafaɗarta ke gocewa tun tana budurwa za ta ga ciwon 'yarta ta ce ai haka jikin gidansu yake, ita ma haƙuri ta yi. Da haka ake miƙa wa yara ciwo tare da umarnin yin shiru.

Illar "ƙara yi mu gani"

Masu gashin ƙashi sun daɗe suna gargaɗin masu wannan larura su daina nuna wasan lanƙwasa don burge mutane. Kowane turawa zuwa ƙarshen gaɓa yana ƙara jan jijiyar da dama can ba ta da ƙarfin riƙo, kuma gaɓar da ta goce sau ɗaya ta fi saurin sake gocewa. Mai ɗaukar bidiyo kuwa ba ya tsayawa a ɗauka ɗaya. Haske bai yi ba, a sake. Sauti bai fita ba, a sake. Idan bidiyon ya samu karɓuwa, mabiya za su nemi wanda ya fi shi, yaron kuma ya koyi cewa ana kula shi ne lokacin da ya wahalar da jikinsa.

Akwai masu cewa irin waɗannan bidiyoyi suna wayar da kai, kuma akwai gaskiya a maganarsu. Manya da dama sun fara jin sunan larurar da suka shekara suna fama da ita ne a soshiyal midiya. Amma babba da ya zaɓi ya ba da labarin jikinsa daban yake da yaron da aka juya wa kyamara bai san inda hotonsa zai kai ba. TikTok kanta ta sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekarun buɗe shafi. Bidiyon da ya shiga intanet ba ya dawowa, kuma yarinyar da aka yi wa laƙabi da roba a aji uku za ta iya kai sunan har sakandare.

Yadda wayar za ta yi aiki

Likita a asibitin gwamnati mintuna kaɗan yake da su ga kowane marar lafiya, kuma yaro yakan manta ciwon jiya idan yau ya tashi da sauƙi. A nan ne wayar yaya ko yayar yaron ke da rana. Manhajar rubutu da ke zuwa da kowace Tecno, Infinix, Samsung ko iPhone ta isa, haka ma Google Keep. A riƙa rubuta kwanan wata, gaɓar da ta yi ciwo, ƙarfin ciwon daga 0 zuwa 10, abin da yaron ya yi kafin ciwon ya taso, da yadda ya yi barci. Bayan mako huɗu zuwa shida za a fara ganin tsari: wataƙila ciwon na biyo bayan ɗebo ruwa, ko dogon zama a ƙasa a Islamiyya, ko ranar wasan ƙwallo.

Hoto ma yana da amfani idan an san dalilin ɗaukarsa. A ɗauki kumburi lokacin da ya fito, da tabon rauni idan ya warke ya bar fata siririya mai faɗi, da ƙurjin jini da ke fitowa a fata ba tare da an buge ba. Motsin Beighton a ɗauke shi sau ɗaya, a hankali, ba tare da tilastawa ba, a ajiye a babban fayil mai makulli don likita kaɗai. Zauren WhatsApp na dangi kuma zai iya tattara tarihin da likita ke buƙata: wa ke yawan targaɗe, wa kafaɗarsa ke fita, akwai wanda ya rasu kwatsam yana matashi da ciwon zuciya?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da nauyi, domin akwai cututtuka masu kama da wannan da suka fi haɗari. Cutar Marfan kan zo da tsayi fiye da kima, dogayen yatsu, ƙirji da ya lotsa ko ya turo, da matsalar ido, kuma tana iya taɓa babbar jijiyar jini da ke fita daga zuciya. Nau'in Ehlers-Danlos na jijiyoyin jini kan zo da fata siririya da ake hango jijiyoyi ta cikinta. Haka nan gaɓar da ta kumbura ta yi zafi tare da zazzaɓi, ko ciwon da ke tafe da rama, ba abin rubutawa a waya a jira ba ne. A kai yaro asibiti a ranar.

Masu agogon hannu mai auna bugun zuciya za su iya lura da abin da ke faruwa idan yaron ya yi jiri. Akwai larurar da ake kira POTS, wadda ke yawan haɗuwa da sakin gaɓoɓi, inda bugun zuciya ke ƙaruwa sosai idan mutum ya miƙe. Ga 'yan shekara 12 zuwa 19, likitoci na duba ƙarin bugu 40 a minti cikin mintuna 10 na tsayuwa. Agogon kasuwa yana kuskure, don haka lambarsa abin nuna wa likita ce kawai. Haka ma amsar da Google ko manhajar ƙirƙirarriyar basira za ta bayar: tana taimakawa wajen shirya tambayoyi, amma ba ta taɓa gwiwar yaron ba.

Wayar kanta na iya ƙara ciwo

Wayoyin yanzu da yawa sun kai nauyin giram 200, kuma yawanci ƙaramin yatsa ne ke tallafe su daga ƙasa yayin da babban yatsa ke ta shafa allo. Ga yaro mai sakin gaɓoɓi wannan riƙo yana gajiyar da yatsu da wuyan hannu, sunkuyar da kai na sa'o'i kuma yana jawo ciwon wuya. Gyaran ba shi da tsada: a jingina wayar a kan mazauni daidai da ido, a riƙe ta da hannu biyu, a manna mata zoben baya, a kuma saita Digital Wellbeing ko Screen Time don tunatar da hutu. Saƙon murya ya fi dogon rubutu sauƙi ga yatsu, kuma tun 2024 Google ya sa Hausa cikin harsunan da Gboard ke juya magana zuwa rubutu.

Abin da ke taimakawa a gida da makaranta

Babu maganin da ke sauya jijiyoyin da aka haifi mutum da su. Abin da ke aiki shi ne ƙarfafa tsokar da ke kewaye da gaɓa har ta ɗauki nauyin da jijiya ta kasa. Wannan aikin masu gashin ƙashi ne, kuma ana samunsu a asibitocin koyarwa da manyan asibitoci irin su Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano. Tafiya, hawan keke da iyo suna taimakawa. Kwantar da yaro a ɗaki na makonni kuwa yana ƙara raunana tsoka. Bidiyoyin YouTube masu koyar da ƙara lanƙwasa jiki ba na wannan yaron ba ne, shi ƙarfi yake nema. Gaɓar da ke yawan gocewa ma tana buƙatar likita ya duba dalili, maimakon a yi ta mayar da ita da ƙarfi wurin mai ɗori. Haka sayen magungunan kashe ciwo a kemis ana ɗirka wa yaro kullum yana iya illata ciki da ƙoda.

A makaranta, takarda daga likita na iya sauya rayuwar yaro: alƙalami mai kauri da ke da sauƙin riƙo, ƙarin lokacin rubutu, jaka marar nauyi, takalmi mai riƙe ƙafa, da cire shi daga horo irin su kamun kunne, tsallen kwaɗo da dogon durƙuso. A gida kuma a rage masa ɗaukar jarka da tallan kaya a ka, a ba shi aikin da jikinsa zai iya, don kada ya ji an ware shi, kada kuma 'yan uwansa su ga an fifita shi.

Mafi girman taimako shi ne a yarda da shi. Yaron da ya ce gwiwarsa na ciwo aka ce ƙarya yake, yakan daina faɗa, ciwon kuma yana nan. Matashin da ke da bidiyon ƙanwarsa a shafinsa zai iya sauke shi yau, ya tambaye ta inda ke mata ciwo, ya rubuta amsar da kwanan wata. Bayan wata guda zai samu shafi ɗaya da zai nuna wa iyayensu, sannan su nuna wa likita.